RUBUTACCEN SHIRI: Sola Ta Zo, To Wa Zai Riƙe Mana Wuta Da Ƙarfe Takwas Na Dare?

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta kai su ga sauraron murya ba, da waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Yau maganar wuta za mu yi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama sai wane da wane, kuma duk unguwar da ka shiga za ka hango farantan sola a saman kwano. Masallatai sun saka, masu shaguna sun saka, asibitoci sun saka. Wannan ya sa wata magana ta yaɗu a tsakaninmu matasa: ai mu Arewa Allah Ya hore mana rana, a shimfiɗa mana sola kawai, matsalar wuta ta ƙare. Ni ma ina cikin masu son tsaftataccen makamashi, kuma ina fafutuka a kansa. Amma abin da nake so mu fahimta yau shi ne, wuta mai tsafta daban, wuta tsayayya daban. Ana iya samun su tare, sai dai fa sai an zauna an tsara. In ba a tsara ba, za a kashe biliyoyi, a yanke kintinkiri, a ɗauki hoto, da magariba kuma mu koma cikin duhu.

Bari mu fara daga tushe. Wutar babban layin ƙasa ba kamar hatsi ba ce da za a zuba a buhu a ajiye. A daidai daƙiƙar da ka kunna fanka a Gusau, dole wani inji a wani wuri ya ƙara ƙoƙari don ya biya wannan buƙatar. Abin da ake samarwa da abin da ake sha dole su yi daidai a kowane lokaci. Ma'aikatan cibiyar kula da babban layi da ke Osogbo aikinsu ke nan dare da rana. Suna da wani ma'auni da za mu iya kira bugun zuciyar wuta, wanda a Najeriya ya kamata ya tsaya a bugu 50 cikin daƙiƙa ɗaya. In masu sha suka fi ƙarfin masu samarwa, bugun sai ya yi ƙasa. In ya yi ƙasa sosai, injinan tashoshi sai su kashe kansu don kada su lalace, wannan ya ja wancan, wancan ya ja na gaba. Shi ne abin da muke ji a labarai ana cewa babban layi ya faɗi. A shekarar 2024 kaɗai kafafen yaɗa labarai sun lissafa fiye da sau 10.

To ina muke a yau? A takarda, tashoshin ƙasar nan suna da ƙarfin megawat kusan 13,000. Abin da ke isowa ga jama'a yawanci tsakanin 4,000 ne zuwa 5,000, ga mutum sama da miliyan 200. Kusan kashi uku cikin huɗu na wannan wutar daga iskar gas take, kuma manyan tashoshin gas a Kudu suke, irin su Egbin a Legas da Afam a Ribas. Sauran daga madatsun ruwa: Kainji mai megawat 760 da aka kammala a 1968, Jebba, Shiroro mai 600 da ta fara aiki a 1990, sai sabuwar Zungeru mai 700. Ku riƙe wannan tazarar da ke tsakanin 13,000 da 5,000, domin ita ce darasin farko. Lambar da aka rubuta a jikin allon tasha ba ita ce wutar da ke shiga gidanka ba.

A gefe guda kuma ƙasar ta ɗauki alkawari. A taron sauyin yanayi na 2021 a birnin Glasgow, Shugaba Buhari ya ce Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shafewa nan da 2060, a 2022 kuma aka ƙaddamar da tsarin sauya makamashi na ƙasa. Kuɗin sola ma ya faɗi warwas, kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa 'yan shekarun nan, haka ma batir. Don haka sauyin yana tafe, ko muna so ko ba ma so. Tambayar ita ce yaya za a tsara shi. Masu wannan aikin suna da jarabawa huɗu da suke gwada kowane tsari da su, kuma ina so kowannenmu ya haddace su.

Jarabawa ta farko: magariba.

Manomi ba ya auna arzikin gidansa ranar da aka kawo dami daga gona. Yana auna shi ne a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Wuta ma haka take. Lokacin da aka fi shan wuta a garuruwanmu shi ne daga bayan magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare: kowa ya dawo gida, an kunna fitilu, fanka, talabijin, ana cajin waya, masu shayi da masu kanti sun haska. A daidai wannan lokacin sola tana ba da sifiri. In bazara ce, watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, abin ya fi tsanani, don fanka da na'urar sanyaya ɗaki ba sa hutawa har asuba.

A nan ne ake rikita mu da lamba. Akwai kilowat, akwai kilowat-awa. Kilowat kamar faɗin bakin famfo ne, kilowat-awa kuma yawan ruwan da ya taru a randa. Tashar sola mai megawat 10, irin wadda aka buɗe a Challawa ta ƙaramar hukumar Kumbotso a Kano a watan Janairun 2023, tana kaiwa kusa da 10 ɗin ne da tsakar rana kawai. In ka raba abin da take samarwa a kan sa'o'i 24, abin da za ka samu bai wuce kamar megawat 2 ba. Wannan ba laifin tashar ba ne, haka rana take. Amma duk wanda ya ce maka ya kawo megawat 100 na sola, tambaye shi: da ƙarfe takwas na dare nawa zan samu?

Amsar wannan tambayar tana wurare uku. Akwai batir, wanda shi ne rumbun wuta, yawancin manyan da ake kafawa yanzu suna riƙe sa'a biyu zuwa huɗu, daidai tsallake cunkoson yamma. Akwai madatsar ruwa, wadda ita ma a haƙiƙa rumbu ce: in sola ta ɗauki nauyin rana, sai Shiroro ta rage sakin ruwa, ta adana shi zuwa dare. Sannan akwai gas. Na san wasu abokan fafutukarmu ba sa son jin wannan, amma gaskiya ita ce gas zai daɗe tare da mu, tsarin gwamnati na 2022 ma a matsayin gada ya ɗauke shi. Abin da zai canja shi ne aikinsa: ya koma mai cike giɓi a lokacin da rana da ruwa suka gaza.

Akwai kuma wata dabara mai arha da ba a cika magana a kanta ba, wato matsar da aiki zuwa rana. Mai yin ƙanƙara, mai injin niƙa, mai walda, mai tura ruwa sama a tanki, mai ban ruwa a fadama, duk ayyukansu za su yiwu da hantsi zuwa la'asar. In aka sa kuɗin wuta ya yi sauƙi da rana ya ɗan hau da yamma, da kansu za su matsa. Duk aikin da aka matsar zuwa rana, batirin da za a saya ya ragu.

Jarabawa ta biyu: yanayin shekara.

Batir yana tsallakar da kai dare ɗaya, ba ya tsallakar da kai wata guda. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana rufe sama, ƙura tana kwanciya a kan faranti, duk mai sola a gida ya san yadda cajinsa ke raguwa in bai wanke ba. A watan Agusta hadari yana iya wuni bai buɗe ba. Ko zafin bazarar da muke tunanin shi ne abincin sola, yana rage mata ƙarfi, domin haske take so, in farantin ya yi zafi ƙwarai aikinsa raguwa yake yi.

Ruwa ma yana da lokacinsa. Shiroro da Zungeru a kan kogin Kaduna suke, damunar yankinmu suka dogara da ita, ƙarshen rani ruwansu yakan ja baya, a daidai lokacin da zafi ya sa buƙata ta hau. Kainji tana da ɗan bambanci, tana samun cika sau biyu: ruwan damunar kusa, da kuma ruwan da ya sauka can tsaunukan ƙasar Gini wanda ke shafe watanni a hanya kafin ya iso wajen ƙarshen shekara. Mai tsara wuta na gaske yana ɗauko bayanan yanayi na shekaru da yawa, ya nemo makon da ya fi muni, wanda hazo ya yi kauri, ruwa ya yi ƙasa, wata tashar gas kuma tana gyara, ya ce to a wannan makon mene ne zai riƙe mu? Sannan ya ɗora rara a kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa ake haɗa rana da ruwa da iska da gas da batir.

Jarabawa ta uku: in layi ɗaya ya tsinke fa?

Wannan mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labari ba. A watan Oktoban 2024, an riga an lalata babban layin Shiroro zuwa Mando a Kaduna, rashin tsaro kuma ya hana injiniyoyi shiga su gyara. Sai aka koma kan layin da ya taso daga Ugwuaji a Enugu ya bi ta Apir a Makurɗi. Da shi ma ya samu matsala, mafi yawan jihohin Arewa suka shiga duhu sama da mako guda. Ku tuna abin da ya faru: ƙanƙara ta yi tsada, ruwan famfo ya tsaya, masu sayar da kifi da kaji sun zubar da kaya, cajin waya ya zama layi. A wannan makon tashoshin samar da wuta suna nan lafiya lau. Hanyar kawowa ce ta yanke.

Kafin nan mutanen Maiduguri sun ɗanɗana tasu. A watan Janairun 2021 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri, gari ya daɗe cikin duhu, har sai da aka gina tashar gas ta gaggawa mai megawat 50 aka buɗe ta a watan Maris na 2023. 'Yan uwanmu na Nijar su ma sun gani a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga nan take zuwa. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai ta ɗan rage raɗaɗi, amma da rana.

Injiniyoyi suna da ƙa'ida mai sauƙi: a gina tsari ta yadda in abu ɗaya mafi girma ya faɗi, ko layi ko inji ko taransifoma, sauran za su ɗauki nauyin ba tare da an ɗauke wuta ba. Kuma a nan ne sola take da babbar daraja gare mu, fiye ma da batun arha. Ana iya kafa ta kusa da mai sha. Ba sai wuta ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ta cikin daji ba. Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar sola haɗe da batir da janareta mai megawat 7.1 a 2019, an kuma yi wa shagunan kasuwar Sabon Gari tsarin sola nasu na kansu. Amma ku lura da wani abu: tashar sola da aka jona da babban layi kai tsaye, in layin ya faɗi ita ma kashe kanta take yi, ko da rana tsaka ce. Sai in tun farko an gina ta da batir da na'urorin da za su ba ta damar ware kanta ta ci gaba da ciyar da asibiti da gidan ruwa. Wannan shawara ce da ake yankewa a kan takarda kafin a sa tubali.

Jarabawa ta huɗu: daƙiƙun farko.

Wannan ta ɗan yi zurfi, amma ku bi ni. Injinan gas da na ruwa manyan ƙarafa ne masu nauyi da ke juyawa. In wani abu ya faɗi kwatsam, nauyin juyawarsu yana riƙe bugun wuta na 'yan daƙiƙu, kamar yadda tirela mai kaya ba ta tsayawa nan take. Suna kuma taimakawa wajen daidaita ƙarfin wuta, kada ta zo ba ƙarfi, kada kuma ta zo da ƙarfin da ke ƙona kaya. Sola ba ta da abin da ke juyawa, ta inbata take shiga layi. In ta yi yawa ba a yi tanadi ba, layi yana rasa wannan garkuwar.

Ranar 28 ga Afrilun 2025, da tsakar rana, wuta ta ɗauke a kusan dukkan Sifaniya da Fotugal cikin daƙiƙu. Jiragen ƙasa suka tsaya, sadarwa ta katse, sai washegari da safe abubuwa suka daidaita. Nan take masu adawa da sola suka ce kun gani ko? Amma binciken gwamnatin Sifaniya ya nuna ƙarfin wuta ne ya hau fiye da ƙima, ba a tanadi isassun masu daidaita shi a ranar ba, wasu tashoshin da aka ɗora wa aikin kuma ba su yi yadda ya kamata ba. Wato matsalar tsari ce. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuma abin yana da magani. Jihar Kudancin Ostireliya ta faɗa duhu gaba ɗaya a watan Satumban 2016 bayan guguwa ta kayar da turakun wuta. Ba su gudu daga iska da rana ba. A 2017 suka kafa babban batirin Hornsdale ƙirar kamfanin Tesla mai megawat 100, wanda ke kawo ɗauki cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, daga baya suka ƙara wasu manyan injina masu juyawa waɗanda ba sa cin mai, aikinsu riƙe layi kawai. Yau kusan kashi 70 cikin 100 na wutar jihar daga iska da rana take.

To, ko da an ci waɗannan jarabawa huɗu, akwai abin da ke kashe tsari a ƙasar nan, shi ne kuɗi. A 2016 gwamnati ta sa hannu da kamfanoni 14 don gina tashoshin sola na megawat kusan 1,100, yawancinsu a Arewa. Taƙaddamar farashi da ta lamunin biya ta sa aikin bai tashi ba. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, megawat 10 kacal, ta shafe sama da shekara 10 ana fama. Kamfanonin samar da wuta suna bin bashin tiriliyoyin naira, su ma masu ba su gas suna bin su. Babu mai zuba jarinsa a batir in bai ga wanda zai biya shi ba.

Ga kuma abin da ya fi damuna. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane kilowat-awa, da alkawarin sa'a 20 a rana. Masu hali da manyan kamfanoni suna ta ficewa zuwa solarsu. A kasafin 2025 har fadar shugaban ƙasa an ware wa naira biliyan 10 don sola. In masu biya da kauri suka fice, kuɗin da ke shiga don gyaran taransifoma da waya raguwa zai yi, a bar tela da mai aski da ɗalibi da ruɓaɓɓen layi. Sai a wayi gari mai kuɗi yana da wuta mai tsafta dare da rana, talaka yana da tocila. Wannan ba shi ne sauyin da muke fafutuka a kai ba.

Me ya rage mana? Dama ta zo kusa da mu. Gyaran kundin tsarin mulki na watan Maris 2023 da Dokar Lantarki da aka sa wa hannu a watan Yunin shekarar sun ba jihohi ikon samar da wuta, da rarraba ta, da kafa hukumar kula da kasuwarta. Enugu da Legas da wasu jihohi sun riga sun karɓi nasu. Ke nan yanzu maganar wuta ba ta Abuja kaɗai ba ce, gwamnanka da ɗan majalisar jiharka suna da amsar bayarwa.

Don haka duk ranar da aka zo muku da albishir na sabon aikin sola, a taron gari ne, a rediyo ne ko a nan Facebook, ku yi tafi in kuna so, sannan ku yi waɗannan tambayoyin. Megawat nawa zai bayar da ƙarfe takwas na dare a watan Afrilu? Batirin sa'a nawa yake riƙewa, kuma wa zai canja shi in ya tsufa? In babban layi ya faɗi, asibiti da gidan ruwa za su ci gaba da samun wuta? Wa zai riƙa wanke farantan da gyara inbata, an horar da yaran garin ko sai an jira wani daga waje? Wa zai sayi wutar, a kan nawa, kuma ina unguwannin talakawa a cikin lissafin? Sannan ku nemi a nuna muku rubutaccen tsarin wutar jihar na shekara 10. In babu, ku ce a rubuta, a kuma kawo shi gaban jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma 'yan uwa masu karatun injiniya, da masu neman sana'ar hannu, maza da mata, wannan fagen naku ne. Haɗa sola kowa yana koya yanzu. Wanda zai yi tsada nan gaba shi ne wanda ya iya lissafin nauyi, ya san batir, ya san kariyar layi.

A nan za mu dakata. Ku faɗa mana a ƙasa: a unguwarku sa'a nawa kuke samun wuta, kuma wane lokaci aka fi ɗauke ta? Masu sola a gida ko a shago, yaya kuke ƙarewa da ita a lokacin hazo? Ku rubuta sunan garinku, za mu tattara mu karanta wasu a shiri na gaba. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Allah Ya ba mu wuta mai ɗorewa da shugabanni masu hangen nesa. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.